Barka a Ƙofar Gidan Alhaji Buba

Akwai abin kunyar da mutum kan yi, shekaru su zo su binne shi. Nawa bai samu wannan gatan ba. Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsuguna a ƙofar gidan Alhaji Buba ba, kuma ko da na so in manta, mutanen ƙauyensu da ke can bayan Kiyawa ba za su bari ba.

Ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare a Dutse, kuma a wancan lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. (Idan na ce ina ji da kaina, ina nufin har limamin unguwarmu na taɓa yi wa gyaran wata kalmar Turanci da ya jefa cikin wa'azi, a gaban mutane.) Ana cikin dogon hutu na damina sai wani abokina da ke aiki a ofishin kula da lafiyar dabbobi ya kira ni, ya ce ana neman tafinta. Wata Baturiya ce ta zo daga Ingila, likitar dabbobi, za ta riƙa zagaya ƙauyuka da rugage tare da ma'aikatanmu a kan allurar rigakafin awaki da tumaki. Na amsa tun bai rufe baki ba.

Dakta Helen sunanta. Doguwa ce, ta fara furfura, tana ɗaura ɗankwali a karkace kamar wadda aka ɗaura wa tana barci. Aikinta kam ta san shi. Sai ta kama bunsuru ta buɗe bakinsa kafin mai shi ya gama ce mata ta yi hankali yana tunkuyi. Abin da ya dame ni da ita shi ne maganarta. Matar nan ba ta iya faɗin abu kai tsaye ba. Kafin ta ce akuya tana tari, sai ta ce, "Ƙila na yi kuskure, amma kamar tana tari." Kafin ta tambayi mutum ko garken nasa ne, sai ta ce, "Ba na so in ɗauki abin da ban tabbatar ba, naka ne?" Akwai "gyara mini idan ba haka ba ne", akwai "kada in yi saurin yanke hukunci", akwai "iya abin da idona ya gani dai". Wata rana muna kan hanyar Jahun ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta leƙa ta gilashin mota ta ce mini, "Ina jin kamar za mu ɗan jiƙe."

Ba baƙin kalamai ba ne a wurina. Ina koyar da su a aji, ina rubuta su a allo, in ce wa ɗalibai su haddace domin suna kawo maki a jarrabawa. Amma ban taɓa zaton akwai mai ran da yake amfani da su da gaske daga safe har yamma ba. A ganina duk ɓawo ne, aikin tafinta kuwa ya ɓare ya miƙa ƙwayar. Don haka idan Dakta ta gama doguwar shimfiɗarta, sai in juya ga makiyayi in ce, "Ta ce akuyarka tari take." Wani lokaci takan kalle ni ta ce, "Har ka gama?" Ni kuma in ce mata ai Hausa harshe ne mai taƙaitawa. (Ƙarya ce. Mu da muke gaisuwa har shayi ya huce.)

To, a ƙauyen da nake ba ku labari, komai a hannun Alhaji Buba yake. Dattijo ne, Bafulatanin da iyayensa suka zauna wuri ɗaya suka haɗa noma da kiwo, kuma rugagen da ke kewaye ba sa motsi sai da maganarsa. An riga an baza jita-jita cewa allurar tana sa awaki ɓari, ƙaninsa Malam Sale ne ma kan gaba wajen yaɗa ta. Mun sha zarya kafin Alhaji ya yarda ya sa mana ranar da za a tara dabbobi.

A zuwanmu na ƙarshe kafin ranar, abu biyu suka faru. Na farko, matar ɗansa ce ta kawo mana fura da nono, da tsohon ciki, irin wanda ake cewa haihuwa yau ko gobe. Na biyu, Dakta ta roƙi a kai ta ta gaida mahaifiyar Alhaji, wadda kowa ke kira Dada, tsohuwa tukuf da aka ce ta daɗe a kwance. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin, Dakta ta shiga ta riƙe hannunta. Dada ta faɗi wata magana da Fulatanci, matan gidan suka kwashe da dariya. Ba na jin Fulatanci ko kaɗan, amma na ce wa Dakta maraba take mata. A hanyarmu ta komawa Dutse kuwa ban ƙara tuna tsohuwar ba. Mai cikin na tuna, har na ce wa Dakta, da muryar wanda ya san komai, yarinyar nan ba za ta kai ƙarshen wata ba.

Ranar da aka sa ta zo. An nemi layin Alhaji tun jajibere ba a samu ba, wanda ba abin mamaki ba ne a yankin. Muka yi sammako ni da Dakta, a kan ma'aikatan da ke ɗauke da akwatunan allura za su biyo mu daga baya.

Muna isa na ga babu akuya ko ɗaya a filin. Maimakon haka, an shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, maza sun cika su. Babura a jere. Hayaƙi na tashi daga cikin gida, ƙanshin waina har cikin mota. A jikin danga an shanya sabuwar fatar rago. Ana zagayawa da faifan dabino da goro.

Kaina ya haɗa lissafinsa nan take: ciki, rago, waina, taron safe. Suna ne.

Dakta ba ta buɗe ƙofar mota ba. Ta daɗe tana kallon mutanen, sannan ta ce, "Malam, ina iya yin kuskure, kuma ba na so in yi zato a kan abin da ban sani ba. Amma kamar mun zo a lokacin da bai dace ba. Ko za ka fara tambaya?"

Na yi murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari amma bai dace ba. Na ce mata bikin suna ne, na kuma ɗora mata da lacca: yadda ake yanka rago, yadda liman yake raɗa suna, yadda wanzami yake yi wa jariri aski.

Ta ce, "Ka fi ni sanin mutanenka. Sai dai ban ga mai dariya ba."

Na ce, "Fulani ne, Dakta. Kunya gare su. Ba sa nuna murnar haihuwa a fili."

(Bari in tsaya nan in faɗi abin da kuke faɗa a ranku. E, babu maroƙi. E, babu guɗa daga cikin gida. Babu wanda ya sa sabon kaya, kusan kowa da carbi a hannu, kuma muryoyi ƙasa-ƙasa suke. Duk na gani. Idona lafiyarsa ƙalau. Kawai dai na riga na gama yanke hukunci tun daga kan fatar rago, duk abin da ya biyo baya sai na nema masa gurbi.)

Muka fito. Na yi sallama da ƙarfi, na bi dattawa da musabaha, na je na tsuguna gaban Alhaji Buba, wanda yake zaune a tsakiya, Malam Sale a damarsa. Aka kawo wa Dakta kujera, ta ƙi zama, ta tsaya a gefe ta haɗa hannuwa.

Na ce, "Alhaji, ashe abin ya zo?"

Ya ce, "Ya zo, Malam. Yau bakwai."

"Ikon Allah! Ai ni da muka zo wancan karon, ina ganinta na san ba za ta kai ƙarshen wata ba. Har a mota na faɗa wa Dakta."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ne. Jikin ya yi nauyi."

"Sosai ma. A gida ne, ko an kai ta asibiti?"

"A ɗakinta. Mun so mu kai ta Jahun, kafin a samo mota lokaci ya yi."

"Ai gara haka," na ce. "An huta da jigila. Ba ta dai sha wuya ba ko?"

"Cikin sauƙi. Bayan sallar asuba."

"Alhamdulillahi! Kai, madalla. Wallahi na ji daɗi."

Na lura wani dattijo mai rawani da ke gefe ya daina jan carbinsa. Na ɗauka fasahar maganata ce ta burge shi.

A nan Dakta ta matso ta yi magana a hankali. Abin da ta ce, kalma da kalma, shi ne: "Ka ce wa Alhaji ban san abin da ke faruwa ba, kuma ba na so in yi zato. Idan lokaci ne da iyali suke bukatar a bar su, za mu koma, mu dawo duk ranar da ya ga dama."

Na saurara, na ga duk ɓawo ne, babu ƙwaya ko ɗaya da za a miƙa wa mutane a ranar farin ciki. Sai na ga ya kamata in taimaka mata, in sa mata a baki abin da ya dace baƙo ya faɗa.

Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, Dakta ta ce ita ma ta yi murna ƙwarai da wannan abin arziki. Ta ce Allah ya sa a yi ta samun irinsa a gidan nan duk shekara."

Kowa ya ɗago ya zuba mini ido. Har kukan wata kurciya da ke kan darbejiyar na ji.

Malam Sale ya karkato da kunne ya ce, "Me ta ce?"

Na maimaita masa. Da ƙarfi, don na zaci kunnensa ne ba ya ji sosai. Sannan, don in ɗan sassauta wannan kunya ta Fulani da ta yi yawa, na juya ga Alhaji ina dariya na ce, "Af, ka ga ban ma tambaya ba. Me aka samu? Mace ko namiji?"

Daidai lokacin wata mata ta fito daga zaure da ƙwarya a ka, za ta miƙa wa baƙin da ke can gefe. Cikinta ne ya riga ta fitowa. Matar ɗan Alhaji ce. Cikin yana nan inda na bar shi, ya ma ƙara girma.

Na kalli cikin. Na kalli fatar ragon. Na kalli carbin da ke hannun kowa. Sai a lokacin hannun Dada cikin hannun Dakta ya faɗo mini a rai.

Alhaji Buba bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Mace ce, Malam. Ita ta haife ni."

Mutane suna cewa a irin wannan lokaci mutum yakan so ƙasa ta tsage ya shige. Ni ban ma kai ga wannan tunanin ba. Abin da na tuna shi ne murmushin da ke fuskata ya ƙi sauka, ya maƙale kamar an manna shi.

Malam Sale ne ya miƙe. Ba ni ya nuna ba, Dakta ya nuna. Ya ce, "Yaya, ka ji ko? Wannan ce za mu miƙa wa dabbobinmu? Wadda ta zo ƙofar gidanmu ranar bakwai ɗin uwarmu tana roƙon a yi ta mutuwa duk shekara?" Wasu matasa suka fara gunaguni. Dakta tana tsaye tana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ba ta san an rataya mata komai ba.

Gaskiya, na ɗan yi tunanin in yi shiru. Ba ta jin Hausa, su ba sa jin Turanci, ni kaɗai ne gadar da ke tsakani. Zan iya cewa Turawa ba su san al'ada ba, a yi mata uzuri. Tunanin bai daɗe ba, amma ya zo, kuma tunda na ce zan faɗi labarin, gara in faɗe shi da wannan.

Na ce, "Alhaji, Malam Sale, ku yi wa Allah ku saurare ni. Ba ta faɗa ba. Ni na faɗa." Sai na fassara musu ainihin maganarta, wannan karon da ɓawonta da komai: ba ta san abin da ke faruwa ba, ba ta so ta yi zato, idan iyali na bukatar a bar su za ta koma. Na ƙara da cewa tun a mota ta ce in tambaya, ni na ce suna ne.

Daga nan na juya na yi aikin da ya fi kowanne wuya a rayuwata ta tafinta: na gaya wa Dakta, da Turancin da nake taƙama da shi, abin da ta ce a bakina. Fuskarta ta yi ja har wuya. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Me ake cewa a nan idan an yi rasuwa?" Na ce zan faɗa a madadinta. Ta ce, "A'a. Koya mini. Ni zan faɗa."

Na koya mata tana tsaye a wurin, kowa na kallo. Ta cire takalmanta, ta durƙusa a bakin tabarma, ta ce wa Alhaji, "Ya haƙuri. Allah ya jiƙan Dada." Karin sautin bai fita daidai ba, ƙ ɗin ma ya gagare ta, amma hawayen da ke idonta ba su bukaci tafinta ba. Alhaji ya amsa da amin, ya sa aka shiga da ita wurin mata.

Ni kuma ina nan a tsugune. Dattijon nan mai rawani ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya nuna mini gefen tabarma ya ce, "Zauna, Malam. Yi wa tsohuwa addu'a. Mai cikin kam ka riga ka yi mata tata."

Ban taɓa karanta Ƙulhuwallahu da irin tsoron Allah na wannan ranar ba.

Ba a yi allura ran nan ba. Na kira ma'aikata na ce su juya. Sai bayan sadakar arba'in Alhaji ya sake sa mana rana, kuma akasarin rugagen sun kawo dabbobinsu. Malam Sale bai kawo nasa ba. Ya ce ya yarda Baturiyar ba ta faɗa ba, amma wanda ya iya sa mata magana a baki sau ɗaya, wa ya san abin da ya riƙa sa mata tun farko? Na so in ji haushi, sai na ga babu inda ya yi ƙarya.

Na zaci Dakta za ta nemi wani tafintan. Ba ta nema ba. Sabuwar doka kawai ta kafa: duk abin da na fassara, in juyo in gaya mata da Turanci abin da na ce. Don haka dole na fara kwashe maganarta gaba ɗaya, da "ƙila" ɗinta da "gyara mini" ɗinta. Zaman da muke gamawa kafin azahar ya koma kaiwa la'asar. Abin mamaki, makiyayan ba su gaji ba. Da ta ce, "Ƙila na yi kuskure, amma kamar tana tari," sai mai akuya ya ce a'a, ba tari ba ne, tun da ta ci wata ciyawa a bakin fadama take haka, daga nan magana ta buɗe. A da, da nake ce musu "ta ce tari take", sai su ce to, su yi shiru, don ba a musu da likita. Wata tsohuwa ma a wata ruga ta tambaye ni ko Baturiyar nan tana da jinin Fulani, don ta ga tana da kunya a baki. Wato abin da na yi makonni ina zubarwa a matsayin shara, shi ne kaɗai abin da suka gane a matsayin ladabi. Kuma da na zauna na duba, mu ma muna da namu: "ko dai", "in ban yi kuskure ba", "ban sani ba ko", "Allah ne masani". Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba ta buɗe baki ba tare da ɗayansu ba.

Dakta ta koma ƙasarsu da daɗewa. Ni kuwa har yau idan hanya ta bi da ni kasuwar Kiyawa, sai na ji wani daga cikin rumfa ya ƙwala, "Malam Mace-ko-Namiji! An zo lafiya?" Nakan amsa. Mutum ba ya ƙin sunan da ya raɗa wa kansa a gaban shaidu.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne: in ka ga taro, tambayi abin da ya tara shi kafin ka zaɓi fuskar da za ka shiga da ita. Sai dai matata tana ganin na wuce gona da iri. A bikin ƙanena, ana kiɗa, ana liƙi, ango na zaune cikin babbar riga yana ƙyalli, ta ce ta ji ni da kunnenta na matsa kusa da kawunmu na ce masa a hankali, "Kawu, lafiya dai aka taru?"